Inda Sautin Fiyano Yake Kwana

 Wannan makon za mu ɗan kauce daga zancen littafi mu leƙa situdiyo, amma ba mu yi nisa da gida ba. Da yawanmu da waƙa muka fara kafin mu kama labari, wasu kuma har gobe suna rubuta baitoci su kai wa mai fiyano ya ɗora musu kiɗa, su biya su karɓi abinsu a memori, ba tare da sun taɓa tambayar daga ina wannan sautin ya fito ba.

Abin da ya jawo wannan rubutu wani ƙanenmu ne ɗan Tsaskiya, a ƙaramar hukumar Safana, wanda ya koyi haɗa kiɗa a wani situdiyo a birnin Katsina. Ya tara 'yan kuɗinsa ya sayi wani ɗan ƙaramin fiyano na hannu, mai madannai 25, ya koma gida da shi da wata tsohuwar laftof. Ranar da ya fito da shi yara suka kewaye shi, kowa na son ya ji. Ya danna, shiru. Suka fashe da dariya, wai an sayar masa da mushe. Ba mushe ba ne. Irin wannan fiyanon bebe ne tun daga kamfani, ba shi da lasifika, babu sauti ko ɗaya a cikinsa. Aikinsa kawai ya gaya wa kwamfuta an danna nan, da ƙarfi kaza, an saki. Kwamfutar ce ke yin kukan.

Kafin fiyano bebe ya yi wa mutum yadda yake so, sai an gaya masa aikin kowane maɓalli da kowane abin murɗawa da ke jikinsa, kuma ana yin haka ne da wata 'yar manhaja da kamfanin ke bayarwa kyauta a intanet. Nan gizo ke saƙar. Watan Satumba ne na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, har da Safana da Batsari da Ɗanmusa da Dutsin-Ma. An hana sayar da fetur a jarka, an hana sana'ar cajin waya. Duk wanda ya san zaman bakin dajin Rugu a wannan shekara ya san mutane ta rayukansu suke yi, ba ta kiɗa ba. Duk da haka yaron nan sai da ya shiga mota zuwa Katsina don ya sauke manhajar, ya zauna a can ya tsara abinsa, ya adana, ya dawo. Da muka tambaye shi me ya adana tunda babu sauti a ciki, sai ya ce, "Yaya, hannuna na adana." Mun daɗe muna juya wannan amsa, ita ce kuma ta sa muka bi diddigin al'amarin.

A gidan makaɗan gargajiya ba a ajiye saiti a ko'ina sai a jikin mutum. Ɗauki kalangu. Ice ne mai siririn ƙugu, da fata a baki biyu, tsarkiya ta haɗa su. Makaɗi ya rataya shi a hammata, in ya matse murya ta hau, in ya saki ta sauka. Shi ya sa kalangu yake iya bin hawa da saukar maganar Hausa, har mai wucewa ya ji an kaɗa takensa ya waiwayo. Muryar kalangu ba ta tsayawa wuri ɗaya ko na daƙiƙa. Ga kuma yanayi: da hunturu fata ta bushe ta ɗame, da damina ta saki, sai an shanya ta a rana ko an kanga ta a wuta kafin a fita wasa. Masu kotso suna liƙa ɗanko a tsakiyar fata don murya ta zauna. Wannan aiki kullum sabo ne. Abin da makaɗan Alhaji Mamman Shata suka ji a kunnensu suka ce ya yi, ba a rubuta shi a takarda ba, ba a kuma kulle shi a akwati ba. Ma'ajiyarsa ita ce yaron da ke ɗaukar kaya yana kallo shekara da shekaru. In yaron ya bar sana'a, ajiyar ta tafi da shi. Faifan garmaho da kaset ɗin gidajen rediyo sun riƙe mana abin da aka kaɗa, amma ba su riƙe yadda aka yi aka kaɗa shi ba.

Turawan da suka ƙera na'urorin kiɗa na lantarki su ma da wannan matsalar suka fara. Na'urorin da Robert Moog ya yi a Amurka a shekarun 1960, sai an haɗa sassansu da wayoyi, a yi ta murɗe-murɗe har a sami muryar da ake so. Da zarar an zare wayoyin, shi ke nan. Ko Minimoog da ya fito a 1970 ba ya tuna komai. Makaɗi sai ya zana fuskar na'urar a takarda, ya yi alama a inda kowane abin murɗawa ya tsaya, gobe ya zo ya sake jera su yana addu'ar ya dace.

A 1978 wani injiniya ɗan Kalifoniya mai suna Dave Smith, mai kamfanin Sequential Circuits, ya fito da Prophet-5. Ya saka masa ƙaramar ƙwaƙwalwar kwamfuta a ciki, yadda makaɗi zai gyara murya ya danna maɓalli ɗaya ta zauna, har muryoyi 40. Daga nan ajiyayyen saiti ya zama abin da ake cinikinsa a kasuwa. Sai dai ajiyar ta dogara da wani ɗan batir a cikin na'urar, ranar da ya mutu muryoyin su bi shi. Don haka aka riƙa juye su a kaset, irin kaset ɗin da muke jin Ɗanmaraya a ciki. In ka saka shi a rikoda ba abin da za ka ji sai ƙara kamar ta gyare, amma in ka mayar wa na'urar sai ta gane kayanta.

Saura matsala ɗaya: na'urar wannan kamfani ba ta jin yaren ta wancan. Dave Smith da Ikutaro Kakehashi, wanda ya kafa kamfanin Roland a Japan, suka jagoranci samar da yare ɗaya, wanda aka sa wa suna MIDI. A watan Janairu na 1983, a wani baje-kolin kayan kiɗa a Kalifoniya, aka haɗa Prophet-600 da Jupiter-6 na Roland da waya ɗaya, aka danna wannan, wancan ya amsa. Wayar ba ta ɗaukar sauti, lambobi kawai take ɗauka: wane madanni ne, da wane ƙarfi, daga 0 zuwa 127, a kan wane layi daga cikin layuka 16. Shekara 30 bayan haka, a 2013, aka ba mutanen biyu lambar yabo ta Grammy saboda wannan aiki. A cikin yaren sun bar wata ƙofa da ake kira SysEx, inda kowane kamfani zai iya aika saƙonsa na kansa, kuma ta wannan ƙofar ce saiti yake fita daga na'ura ya shiga kwamfuta, ya kuma dawo.

A shekarar ta 1983 Yamaha ta saki DX7, wanda ya yi kasuwa fiye da duk irinsa na lokacin. Yana da gurbin muryoyi 32, amma gyara su azaba ce, domin ta wata 'yar taga mai layi biyu ake leƙa lambobi ɗaya bayan ɗaya. Galibin makaɗa suka haƙura suka zauna a kan muryoyin da kamfani ya zuba, shi ya sa waƙoƙin Turawa na shekarun 1980 suke da wani fiyano mai ƙarar tangaran iri ɗaya. Wannan wahala ce ta haifi manhajar gyara saiti. A tsakiyar shekarun 1980 kamfanoni irin su Opcode suka fara yin manhajojin da ke baje duk cikin na'urar a fuskar kwamfuta, ka gani, ka gyara, ka adana a faifai. Manhajar da ƙanenmu ya je Katsina nema jikanyar waɗannan ce.

Yanzu ga inda zancen ya shafe mu kai tsaye. A 1991 kamfanonin Amurka da na Japan suka amince da jeri ɗaya na muryoyi 128, mai suna General MIDI, don duk fiyanon da ka saya lamba kaza ta ba ka murya kaza. Mu duba jerin. Lamba 105 sitar ce ta Indiya. Akwai banjo, akwai shamisen da koto na Japan, akwai algaitar jaka ta mutanen Sikotilan. Lamba 112 shanai ce, 'yar'uwar algaitarmu ta ƙasar Indiya. Daga Afirka akwai kalimba, akwai kuma agogo, ba na duba lokaci ba, ƙararrawar ƙarfe ce wadda asalinta na Yarabawa ne amma ta hanyar kiɗan Burazil duniya ta san ta. A can ƙarshen jerin an ware gurbi ga kukan tsuntsu, da ƙarar tarho, da jirgi mai saukar ungulu, da tafi, lamba ta 128 kuma harbin bindiga ce. An sami wurin harbin bindiga, ba a sami wurin kalangu ba. Babu goge, babu kukuma, babu kuntigi, babu gurmi, babu kakaki, babu kotso, babu ƙwarya irin ta Barmani Coge. Ba ma cewa ƙeta aka yi mana. Mutanen sun duba kasuwar da suka sani ne, mu kuwa ba ma cikin lissafin. Amma akwatin da wannan jeri yake ciki shi ne ya sauka a Kano.

Fim ɗin Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa ya fito a 1990, daga nan harkar finafinan bidiyo ta kankama, masu shiryawa kuma suna bukatar kiɗa mai araha. Ɗauko makaɗi da 'yan amshinsa da yaransa kuɗi ne da ɗawainiya, fiyano kuwa mutum ɗaya ne da soket. Farfesa Abdalla Uba Adamu, wanda ya fi kowa bin diddigin wannan zamani, ya nuna yadda situdiyon Iyan-Tama a Kano ya fara da Yamaha PSR-220 a 1996, sannan ya samu PSR-730, wanda da shi aka yi kiɗan fim ɗin Sangaya na kamfanin Sarauniya a 1999. Wanda ya rayu a lokacin ya san abin da wannan waƙa ta yi. Babu gidan biki, babu shagon kaset, babu motar haya da ba ta shiga ba, kuma bayanta kowane furodusa irin wannan kiɗan yake nema. A ranar 18 ga Yuni na wannan shekarar dai Shata ya rasu a Kano, aka kai shi Daura. Ba ma son mu ɗora wa wannan haɗuwa nauyin da ya fi ƙarfinta, kalangu bai mutu a 1999 ba, amma duk mai rubuta tarihin kiɗan Hausa zai tsaya a wannan shekara ya yi numfashi.

An daɗe ana zargin 'yan nanaye da kwaikwayon Indiya, kuma akwai gaskiya a ciki, tunda iyayensu da yayyensu a finafinan Indiya suka tashi a silimun Kano irin su Plaza da Marhaba da Orion. Amma a ganinmu an manta rabin labarin. Yaron da ya zauna gaban PSR-730 yana neman abin da zai yi kama da algaita, shanai zai tarar. In yana neman abu mai tsirkiya da zai ja rai, sitar na nan tana jiransa. Kunnensa ya riga ya saba da su, akwatin kuma ya miƙo masa su a tafin hannu. Abin da ya kamata a yaba wa waɗannan makaɗa shi ne yadda suka lanƙwasa kayan da ba don su aka yi ba: su ɗauki gangar Latin Amurka su sauke mata murya, su haɗa ta da sarewa da tambari, su jera bugun yadda zai yi tafiyar kiɗan gida, har tsohuwa a ƙauye ta ji ta gyaɗa kai. Irin haka ta faru a Jamaika. Wata ma'aikaciyar Casio mai suna Okuda Hiroko ta tsara wani ɗan kiɗa a cikin ƙaramin fiyano MT-40, a 1985 Wayne Smith ya ɗora waƙar Under Mi Sleng Teng a kansa a situdiyon King Jammy, kiɗan ƙasar gaba ɗaya ya juya. Bambancin kawai, su an rubuta nasu, har an nemo matar an yi hira da ita.

PSR-730 yana da wurin da ake kulle haɗin muryoyi da saurin kiɗa a maɓalli ɗaya, yana kuma da ramin faifan fulofi. Ke nan tun ƙarshen shekarun 1990 makaɗin Bahaushe ya samu abin da kakansa bai samu ba, ya gyara sauti yau ya same shi gobe yadda ya bar shi. Wannan ya kawo sauƙi, ya kuma kawo lalaci. Saiti ɗaya sai ya yi waƙa goma, mawaƙi ya shigo da baitocinsa a ɗora masa abin da aka ɗora wa na jiya, a ɗan ƙara sauri kawai. Mu marubuta bai kamata mu yi dariya da yawa ba, mun san littattafai nawa ne suka buɗe da kyakkyawar budurwa tana kwance a kan lafiyayyen gadonta.

Daga baya kwamfuta ta karɓe aikin. Manhajar FruityLoops ta kamfanin Image-Line na ƙasar Beljiyam, wadda ta koma FL Studio a 2003, ta bazu a situdiyoyin Kano da Kaduna da Jos da Katsina, galibi ta hanyar kwafe daga hannu zuwa hannu. Da ita katangar jerin nan na 128 ta rushe, domin yanzu kana iya ɗaukar muryar kalangu na gaske ka zuba a kwamfuta ka kaɗa ta da madannai. Tunda sauti ya koma cikin kwamfuta, fiyano ba ya bukatar nasa, sai aka koma sayen bebe mai araha, irin Akai MPK Mini mai madannai 25 da faifan bugu 8 da abin murɗawa 8, wanda kebul ɗin USB kaɗai ke ba shi wuta. A garin da wutar lantarki ba ta da tabbas wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Yadda ake gyara shi ba wuya, sai dai yana da tarko. Ka haɗa shi da kwamfuta ka buɗe manhajar gyaran, hoton na'urar ya bayyana. Ka fara ɗauko saitin da ke cikin gurbin da kake so, ka ga abin da ke ciki. Sannan ka bi su ɗaya-ɗaya: wannan faifan bugu wace lamba zai aika, wannan abin murɗawa me zai taɓa, daga nawa zuwa nawa, a kan wane layi. In ka gama sai ka tura shi ya koma cikin na'urar, ka kuma adana kwafinsa a kwamfuta. Waɗannan aiki biyu ne daban, nan ne masu koyo suke faɗuwa. Wanda ya adana a kwamfuta bai tura ba, na'urarsa ba ta san an yi ba. Wanda ya tura bai fara ɗauko na ciki ya ajiye ba, ya danne tsohon saitinsa har abada. A kwamfutoci da yawa masu Windows kuma, in FL Studio na buɗe manhajar gyaran ba za ta ga na'urar ba, sai an rufe ɗaya, mutum ya yi ta zargin kebul a banza.

Abin da ke damunmu a matsayinmu na masu alƙalami shi ne, wannan zamani na fiyano ya haura shekara 25, kuma kayan tarihinsa sun fi na zamanin kalangu saurin lalacewa. Shata ya samu Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun rubuta Shata Ikon Allah. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya tattara makaɗa da mawaƙan Hausa a littafi. Mujallar Fim, da aka fara a 1999, ta riƙe labaran jarumai da mawaƙa. Amma mutumin da ke zaune a bayan fiyano, wanda ya ƙirƙiro bugun da ƙasa ta yi rawa da shi, sau da yawa sai dai a ji mawaƙi ya ambaci sunansa a baitin ƙarshe. Faifan fulofi ba ya jure ƙura da zafi, ko an same shi ma samun na'urar da za ta karanta shi aiki ne. Kwamfutocin situdiyo kuwa ana goge su duk lokacin da suka kamu da cuta. Da yawa daga cikin waɗannan makaɗa suna raye, suna Kano, suna Kaduna, suna da waya. Mai neman abin rubutawa da ya wuce soyayyar ɗan mai kuɗi, ga hira tana jiran mai yi: wace murya ka ɗauka ka mayar ganga, wa ya koya maka, ina faifan yake.

Ƙanen namu na Tsaskiya abin da ya tsara a Katsina shi ne wannan. Tun kafin a katse layi ya sa wani makaɗin mahauta na garinsu ya buga masa kalangu, bugu ɗai-ɗai, ya ɗauka da waya. Ya zuba bugun a faifan na'urar, sannan ya ɗaure abin murɗawa na farko da hawa da saukar muryar, ya buɗe masa tazara mai faɗi fiye da yadda kamfani ya saita. Yana bugu da dama yana murɗawa da hagu, hannun hagun yana yin aikin hammata. Ba kalangu ba ne, duk wanda ya tashi a gidan kiɗa zai gane, amma ya fi duk abin da muka taɓa ji daga akwati kusa da shi.

Bara laftof ɗin ta ƙi tashi, ya kai wa wani mai gyara, shi kuwa ya goge ta tas ba tare da ya tambaye shi ba. Muryoyin kalangun suna ciki, wayar da aka ɗauka da ita kuma an daɗe da sayarwa. Saitin yana nan a gurbi na biyu a cikin fiyanon, in ya murɗa abin murɗawa na farko har yanzu yana aika lambobinsa daga 0 zuwa 127, sai dai babu kalangun da zai amsa. Makaɗin ya kwashe iyalinsa ya bar garin tun lokacin da hare-hare suka yi tsanani, wasu sun ce yana Katsina, wasu sun ce ya tsallaka Maraɗi. Yaron ya sayi filashi biyu, yana ta cigiyarsa a wurin mahauta.